Ƙafa Uku a Tsakar Gida

Da hantsi aka nemi yarinyar aka rasa.

Gidan wani tsohon bene ne a ƙarshen layi, masu shirya fim suka karɓe shi suna aiki a ciki. Labarin fim ɗin na wata yarinya ne da kawunta yake gana wa azaba. Duk layin ya san haka, don tun ranar da aka fara ake jiyo kukan yarinya ta bayan katanga, mata na leƙe ta kafar ƙofa suna salati. Yarinyar da ke fitowa a ciki ba ta wuce shekara takwas ba, Auta ake ce mata. Uwar da ta haife ta ita ce kuma uwarta a fim.

Kafin labari ya kai ofishin 'yan sanda, layin ya riga ya yanke hukunci. Mutumin da ke fitowa a matsayin kawu, shi ya sace ta. Ai kowa ya gan shi da bulala. Da ƙyar Sajen 'yan sanda ya ƙwace shi daga hannun samari, leɓensa a fashe, ya tura shi sito ya kulle. Sannan ya aika a kira Mai Sawu.

Mai Sawu tsoho ne dogo, busasshe, ba ya rabo da sanda. Da ƙuruciya ɓarayin shanu ya bi, da girma ya zo ya koma bin ɓarayin gida. Ba ya dariya a bakin aiki, ba ya kuma son a nuna masa inda zai duba. Da ya shigo tsakar gidan ya tsaya cik, ya dubi ƙasa, ransa ya ɓaci. Ba inda ƙafa ba ta taka ba.

"Wa ya bar wannan garken ya shigo?"

"Baba, neman yarinya suke yi," in ji Saje.

"To sun same ta?"

Saje ya girgiza kai.

"Fitar min da su. Wanda ya sake tako min nan, sawunsa zan bi har ɗakin uwarsa."

Aka kora mutane waje, aka rufe get. Ba su tafi ba. Suka yi dafifi a bakin ƙofa, wata mata mai babbar murya tana ta maimaita cewa wanda ya iya dukan yarinya a gaban kamara, to a bayan kamara sai abin da Allah ya kiyaye.

* * *

Ɗakin da 'yan wasa ke sa kaya yana kallon tsakar gida. Madubi jingine da bango, riguna rataye a igiya, 'yan ƙananan silifa a ƙarƙashin kujera. Uwar Auta na zaune a ƙasa, kwalli ya zubo mata har haɓa, ƙafafunta futu-futu da ƙura. A bakin ƙofa wani siriri yana tsaye, idanunsa jajaye, da takalmin kambas a ƙafa. Shi ne darakta, mai fim ɗin.

Mai Sawu ya tsuguna, ya ɗauki silifa ɗaya ya auna da tafin hannunsa.

"'Yata, yaushe rabonki da ita?"

"Tun da safe ne, Baba," in ji darakta, "lokacin da..."

"Kai ka haife ta?"

Darakta ya ja da baya.

Uwar ta ce, "Tare muka zo. Aka sa mata rigar wasa, aka cire mata takalmi, don a fim ba ta da takalmi. Ni kuma aka zaunar da ni ana min kwalliya. Ta ce za ta je ta sha ruwa. Ko kai ban ɗago ba, Baba. Ban ɗago na dube ta ba."

"Wa ya gaya miki ba a gan ta ba?"

"Darakta ne ya leƙo ya ce ina Auta, ya zaga gidan bai gan ta ba, ga ƙofar baya a buɗe. Na fita da gudu. Na faɗi a tsakar gida, na tashi, ina ta kira. Ihuna ne ya tara mutane."

"Na sha gaya miki ki riƙa sa mata ido," in ji darakta a hankali, kamar mai lallashi. "Ba laifinki nake gani ba, Anti. Amma dai ke ce uwa."

Matar ta kifa kai a gwiwa. "Ubanta bai so ba. Ni na nace. Ni na kawo ta."

Darakta ya matso kusa da tsohon, ya ja hannun rigarsa sama, ya nuna wani dogon tabo. "Baba, fim ɗin nan ba wasa ba ne a wurina. Ka ga wannan? Wayar wuta ce. Ina kamar Auta aka yi min, kuma ba wanda ya ji kukana. Na rantse sai duniya ta ji shi. Ni da zan ba da raina a kan yarinyar nan."

Mai Sawu ya dubi tabon, ya dubi mai tabon.

"Ba tabonka aka kira ni in duba ba," ya ce, ya miƙe.

* * *

A sito, tsakanin akwatunan fitilu da naɗaɗɗun wayoyi, wani ƙato mai tumbi yana zaune a kan bokiti, ya danne leɓensa da gefen riga. Shi ne Kawu. Sunan fim ya bi shi har ya danne nasa. Saje ya miƙa wa Mai Sawu wani ɗan jan ɗankwali mai ƙulli a baki.

"A jakarsa muka samu. Na yarinyar ne."

"Kwance ƙullin ka gani, Yallaɓai," in ji Kawu.

Aka kwance. Alawa ce.

"Uwarta ta hana ta shan zaƙi, ni ne ma'ajinta. Ta ba ni da safe, in an tashi ta karɓa a ɓoye. Baba, ni fa tela ne. Kekena na nan a shago, a je a gani. Darakta ne ya kawo ɗinki, ya ce fuskata ta mugaye ce, in zo in gwada. Tun da na fara fim ɗin nan matata ke min kallon banza, 'ya'yana in na shigo ta nan su fice ta can."

"Bulalar fa?"

"Filo nake duka. Yarinyar tana can gefe, daga baya su haɗa a inji. Ni ko kaza za a yanka barin gidan nake yi."

"Kukan da ake ji ta katanga ba na filo ba ne."

Kawu ya saci kallon ƙofa, ya rage murya.

"Kuka kam na gaske ne. Amma ba ni nake sa ta ba. Kafin a ɗauka, darakta kan ja ta gefe ya raɗa mata magana. Ban san me yake ce mata ba. Sai dai ka ga ta dawo jikinta na ɓari. In an gama ya ɗaga ta sama, ya ce ba a taɓa yin 'yar wasa kamarta ba. Ranar da ya ce mata ta yi kyau, ko alawar ba ta tunawa."

Wani dutse ya sauka a kan kwanon sito, ƙwaram. Daga waje aka ɗaga murya: "A fito mana da shi!"

Kawu ya dafe kai da hannu biyu. "Don Allah, Baba, ka samo ta. Ba don ni ba." Ya ɗaga kai ya dubi kwanon. "To, har da don ni."

* * *

Ƙofar baya ta faɗa wani lungu mai yashi, garken bai bi ta nan sosai ba. Nan Mai Sawu ya ga abin da yake nema: sawun yarinya, ba takalmi, tsawonsa daidai da silifar da ya auna. A gefensa sawun babban mutum. Ya sunkuyar da kai ya bi.

Sawun ya bi gefen kwata, ya wuce shagon kafinta, ya ratsa bayan masu gyaran babur inda baƙin mai ya jiƙa ƙasa. Mutane suka farga suka biyo shi duu, kowa na tofa albarkacin bakinsa. Rana ta take. Gumi ya jiƙa masa riga, bai ɗago ba.

A rumfar wani mai shayi sawun ya ƙare. Wata yarinya na zaune a kan benci tana wanke kofuna, ƙafafunta na lilo, ba takalmi. Mai Sawu ya dubi ƙafar, ya dubi sawun. Ita ce mai sawun.

"Baba, lafiya?" in ji mai shayi. "'Yata ce. Kullum da safe ita ke kai wa masu fim fulas ta ƙofar baya. Yau na raka ta don kayan sun yi mata yawa."

Wani a cikin taron ya fashe da dariya. "Tsoho ya gano 'yar mai shayi! A ba shi kofi ɗaya ladan aiki!"

"Ido ya tafi, saura sanda," in ji wani.

Mai Sawu bai waiwaya ba. Amma maganar ta shige shi, kuma abin da ya fi ta ciwo shi ne inuwarsa da ya ga ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa. Rabin yini ya tafi a banza. Abu ɗaya kawai ya tsira da shi: a duk lungun nan sawun yarinya ɗaya ne. Auta ba ta fita ta baya da ƙafarta ba.

* * *

Mai gadi, wani tsoho mai haƙori ɗaya a gaba, ya rantse ba ta fita ta get ba, kuma ba motar da ta motsa tun safe. Mai Sawu ya shiga gidan da kansa, ɗaki bayan ɗaki, har ƙarƙashin gado, har bayi. Ya hau matakala zuwa saman bene, Saje na biye da shi. Siminti ne fetal, ba ya riƙe sawu. A kusurwa akwai ɗan ɗakin tankin ruwa, ƙofarsa ta ƙarfe, da kwaɗo a kulle ta waje.

"Mun duba nan," in ji Saje. "Mun kira, mun buga. Darakta ya ce makullin na hannun mai gidan, tun da suka zo ba a taɓa buɗewa ba."

Mai Sawu ya ƙwanƙwasa da sanda. Ya kara kunne, ƙarfen ya ƙona shi.

"Auta! Auta!"

Shiru. Yaron da aka kulle, in ya ji motsin mutum ihu yake yi, ko ya buga ƙofa. Nan ko tari babu. Duk da haka ya ce a fasa. Saje ya ce bari a nemo guduma. Sai hayaniya ta ɓarke a ƙasa, samari sun kama jijjiga get. Saje ya sauka da gudu, maganar guduma ta bi iska.

Tsohon ya sauko a hankali, gwiwoyinsa na ƙara. Ya tsaya a gindin matakala yana mayar da numfashi, idonsa a ƙasa kamar kullum. Tun da aka kori mutane, 'yan gidan ne kaɗai ke yawo a tsakar gidan, saboda haka duk sawun da ya hau kan na garken sabo ne. Ya lura da wani takalmin kambas da ya zo bakin matakalar, ya tsaya, ya juya. Ya sake zuwa, ya sake juyawa. Bai san me zai yi da wannan ba tukuna. Ya ajiye shi a ransa.

A can kusurwar tsakar gidan an shanya zanen gado a igiya, ya sauko har kusan ƙasa. Bayansa akwatuna ne da tsofaffin kujeru, shi ya sa garken bai shiga ba. Mai Sawu ya ɗaga zanen da sanda. Zanen a bushe yake, da ƙura a jikinsa, ba wanki ba ne.

A ƙasa ya ga ramuka uku, ƙanana, zagayayyu, sun nitse sosai, bakinsu ya bushe ya yi tauri. A bayansu sawun mutum biyu da suka daɗe a tsaye wuri ɗaya, shi ma ya nitse ya bushe. Ɗaya silifa, ɗaya kambas. Ya tsuguna a inda suka tsaya, ya leƙa ta gefen zanen. Ƙofar ɗakin sa kaya ce a gabansa sak, da filin da uwar ta faɗi.

Ya kira mai gadi.

"Ana zuba ruwa a nan?"

"Ni nake yayyafawa da sassafe, saboda ƙura. Dokar darakta ce."

"Yaushe yake bushewa?"

"Rana na ɗan ɗagowa. Kafin hantsi ƙasar nan ta koma dutse."

"Kira min Saje. Ka ce ya tara su duka a falo. Har da na sito."

* * *

Falon shi ne ɗakin kawu a fim. Gadon ƙarfe, fitilu a kan sanduna, bulala rataye a ƙusa, ƙasa duk zanen alli. Aka zo aka tsattsaya. Uwar Auta, mai kwalliya na riƙe da ita. Kawu a bayan Saje. Mai gadi a bakin ƙofa. Darakta ya jingina da bango. Sai wani saurayi mai gemu, da silifa a ƙafa, wanda tun safe bai ce uffan ba. Shi ne mai kamara. Daga waje hayaniya na shigowa ta taga kamar ranar kasuwa.

Mai Sawu bai zauna ba. Ya fara da tambayar mai kwalliya.

"Yau a ina za a ɗauki wasa?"

"A nan falo, Baba. Tun jiya aka jera fitilu."

"A tsakar gida fa?"

"Babu. Mun gama da waje tun makon jiya."

Ya juya ga mai kamara. "Kai, me ka ɗauka yau?"

"Ba mu fara ba, Baba. Abin nan ya faru."

"Ɗauko min abin da kake ɗora kamararka a kai. Mai ƙafa ukun nan."

Saurayin ya dubi darakta. Darakta na kallon rufi. Saurayin ya je ya ɗauko. Mai Sawu ya juya ƙafafun sama. Busasshiyar laka ce a bakin kowace ƙafa. Ya ɓantaro ta da farce, ya murje, ya zuba a tafin hannun Saje.

"An kafa wannan a bayan zanen gado tun ƙasa na jiƙe. Da sassafe ke nan. An auna ƙofar matar nan da shi. Ita kuwa sai da hantsi aka ce mata 'yarta ta ɓata." Ya tako har gaban saurayin. "Wa ya gaya maka tun da safe cewa za ta fito ta ƙofar nan tana ihu?"

Kowa ya zuba wa mai kamara ido.

Mai kamara ya zame ya zauna a ƙasa. "Wallahi ya ce min na ɗan lokaci ne. Ya ce kukan Anti na ƙarya ne, jiya mun yi ta maimaitawa bai gamsu ba. Ya ce in ta ji an ce Auta ta ɓata za ta yi na gaske, mu ɗauka a ɓoye, sai a fito da yarinyar a ba ta haƙuri. Na ce ba kyau. Ya ce in ban yi ba, ni ma ina cikin masu toshe kunne in ana dukan yara. Na ɗauka, Baba. Tana faɗuwa tana tashi ina ɗauka. Sai mutanen layi suka ɓalle ƙofa suka shigo."

Uwar ta ƙwace daga hannun mai kwalliya. Ba ta yi ihu ba. Muryarta ta ƙare tun safe.

"Kai ka ce min ni ce uwa," ta ce wa darakta. "Ka tsaya a kaina ka ce min ni ce uwa."

"Anti, ki saurare ni." Darakta ya taso daga bango, idanunsa na ƙyalli. "Ba ki ga abin da muka samu ba. Duk wanda ya kalli fuskarki a wurin nan ba zai sake ɗaga wa yaro hannu ba. Yara nawa za a ceta? Da mutanen nan ba su shigo ba, da tuni an gama, da yanzu kina min godiya."

"Ni kuma a kashe ni a sito," in ji Kawu.

Darakta ya ce, "Na so in faɗa. Amma kun ji su a waje. In suka san ni ne..."

"Ina yarinyar?" in ji Saje.

Darakta ya dubi taga. Mai kamara ya ce shi bai sani ba, ba a nuna masa ba.

"Ba na buƙatar bakin darakta," in ji Mai Sawu. "Ƙafarsa ta yi ta zuwa gindin matakala tana komawa. A sama take."

Saje ya ce, "Baba, ai da kai muka hau. Ka buga, ka kira. Da tana ciki da ta amsa."

Mai kwalliya ta saki wata 'yar ƙara, ta toshe baki da hannu. Ta nuna zanen allin da ke ƙasa.

"Ba za ta amsa ba. Wayyo Allah, ba za ta amsa ba. In ya tsayar da ita a kan alli, ba ta motsi, ba ta magana, sai ta ji muryarsa ya ce yanke, wato an gama ɗauka. Haka ya koya mata. Ya ce mata in ta motsa ta ɓata fim, kuma uwarta za a kora. Rannan cinnaka suka hau ƙafarta, hawaye na zuba, ba ta ko sosa ba."

Mai Sawu ya tuna zafin ƙarfen nan a kunnensa. Bai san lokacin da ya shaƙi wuyan rigar darakta ba.

"Makulli."

Yana cikin aljihun wandonsa.

* * *

Yadda tsohon ya hau matakalar nan, shi ma ba zai iya faɗa ba. Uwar ta riga kowa. Saje ya sa makulli, kwaɗon ya buɗe ba gardama, ya ja ƙofar. Wani zafi ya bugo su kamar an buɗe tanda.

Tana nan tsaye a gefen tanki, a kan ɗan zanen alli, hannuwanta a gefe. Rigar wasa ta manne mata da gumi. Leɓɓanta sun bushe sun tsage. Ta yi fitsari a tsaye, ya bi ƙafarta ya bushe. Idonta a kafe yake a kan wani rami a bango, inda aka ce mata kamara take.

"Auta! Autata!"

Uwar ta faɗa kanta ta rungume. Yarinyar ta sandare kamar itace. Ba ta dubi uwarta ba. Uwar ta yi ƙoƙarin ɗaga ta, ta turje, ta ƙanƙame ƙafafunta a kan allin, hawaye na gangarowa, idon bai bar ramin ba.

"Mama ce, Auta. An gama. Don Allah ki dube ni."

Ko gezau.

Mai Sawu ya juya, ya jawo darakta daga hannun mai gadi, ya tura shi bakin ƙofar.

"Faɗa."

Darakta ya dubi yarinyar. Sai yanzu ya gan ta sosai.

"Faɗa, ko in jefa ka layin can ta saman nan."

"Yanke," in ji darakta.

Gwiwoyin yarinyar suka saki, ta sulale a jikin uwarta. Aka fito da ita inuwar bango. Mai kwalliya ta zo da ruwa da gudu, aka shafa mata a fuska, aka ɗiga mata a baki kaɗan-kaɗan. Can ta buɗe ido. Ta tsallake fuskar uwarta, ta tsallake ta kowa, tana neman mutum ɗaya.

"Na yi kyau?" ta ce, da ƙyar ake jin ta. "Ban motsa ba. Har Mama ta kira ban motsa ba."

Darakta ya buɗe baki zai amsa. Mai Sawu ya shiga tsakaninsu, ya tare shi da dogon jikinsa yadda yarinyar ba za ta gan shi ba, ya ɗora masa kan sanda a ƙirji.

"Ba kai za ka amsa ba. Ba za ka sake ce mata komai ba."

Uwar ta kama fuskar 'yarta da hannu biyu, ta juyo da ita.

"Daga yau in na kira ki, ki amsa. Ko wa ya ce ki yi shiru. Kin ji ni?"

"Ko ana ɗauka?"

"Ba sauran ɗauka. Gida za mu."

Yarinyar ta daɗe tana kallon ta, kamar tana jira a ce mata wannan ma cikin wasan ne. Sannan ta fashe da kuka. Wannan kukan har layin an ji shi, hayaniyar da ke bakin get ta tsaya.

Saje ya sa wa darakta ankwa. Ya leƙa ƙasa ta saman bene, ya ga kawuna har ƙarshen layi, ya goge gumi.

"Baba, asibiti za a kai ta yanzu. Amma ta ina zan fitar da mutanen nan? Har yanzu jinin tela suke nema."

Uwar ta yi yunƙurin tashi da yarinyar, ƙafafunta suka ƙi ɗaukar ta. Mai Sawu ya dubi masu tsaye, ya ce wa yarinyar, "Wa kike so ya ɗauke ki?"

Auta ta miƙa hannu wajen Kawu.

Haka aka buɗe get. Kawu a gaba, leɓe a kumbure, yarinyar ta saƙale masa wuya da hannu biyu, ta kwantar da kai a kafaɗarsa, uwarta na riƙe da ƙafarta ɗaya. Samarin da ke riƙe da duwatsu suka dubi juna. Matar nan mai babbar murya ta sunkuyar da kai.

Mai Sawu ya ɗaga sanda ya nuna tsakiyar layi.

"Ku ba su hanya," ya ce.

Suka dare gida biyu.